Tsummokaran da Na Cusa wa Motar Abba

Motar Abba ƙarama ce, irin wadda bayanta ya tanƙware kamar na kunkuru, kuma kunkurun muke ce mata a gida. Ƙofa biyu gare ta. Injinta a baya yake, inda sauran motoci ke zuba kaya, kuma ba a sa mata ruwa. Wannan kam na san shi tun ina yarinya, don Abba yakan yi alfahari da shi a garin da ruwa ke wahala kamar Damagaram. Yakan ce, "Tawa ba ta bin layin famfo." Abin da ban taɓa tambaya ba shi ne, to in ba ta shan ruwa, me ke sanyaya ta? Shekara ashirin da wani abu ina koyar da 'ya'yan mutane a lakwal, wato makarantar boko, ina yi musu faɗa kan rashin tambaya, amma ni wannan ɗayar ban yi ta ba.

Da Abba ya rasu, Allah ya jiƙansa, ƙanena yana can ƙasar Turawa wajen aiki, sai Inna ta dawo gidana a Zango da zama. Ba da son ranta ba. Ta ce ita ba ta taɓa jin inda mace ta tare a gidan suruki ba, amma gwiwoyinta sun riga sun yanke mata hukunci, ko banɗaki sai an kama ta. Motar ta biyo ta. Maigidana, wanda tela ne a bakin kasuwa, ya fasa katanga ya sa babbar ƙofa, ya kafa wa kunkuru rumfar kwano a tsakar gida.

Shi babur yake hawa. Motar ba ta fita sai in Inna za ta wani wuri, biki ko asibiti, kuma fitar Inna aiki ne na mutum biyu. Ba ta yarda ta zauna a gaba kusa da surukinta, ko za a yanka ta. Sai an ja wani ɗan ƙarfe a gefen kujerar gaba, ƙarfen da ya riga ya ƙage, a yi ta bugunsa da dunƙulen hannu har kujerar ta kwanta. Sannan shi ya danne kujerar yana kau da kai, ni in rungumo ta, in shigar da ƙafa ɗaya, in shigar da ɗayar, tana salati ina nishi. Fitarwa ta fi shigarwa wuya. Abin da take jingina da shi a can baya kuwa, ɗan bangon ƙarfe ne, a bayansa injin yake.

Daminar da nake ba da labarinta an yi ruwa sosai. Rumfar ta fara yoyo, iska kuma tana koro ruwan ta gefe. A ƙarƙashin gilashin baya na motar akwai wasu tsagogi a jere, akwai wasu kuma a jikin murfin injin. Ta nan ruwa ke shiga. Wata safiya na ɗaga murfin, na ga ruwa kwance a kan kwanon da ya zagaye injin, tsatsa ta yi jajur. Na sa yatsa na danna wani wuri, sai yatsan ya shige kamar na danna ƙosai. Wallahi sai da na ji hawaye. Motar da Abba ke gogewa da hannun rigarsa ita ce ke ruɓewa a gidana, kuma mutane za su ce ai a hannun wance ta mutu.

Na kira ƙanena na zazzage masa. Ba a yi wata guda ba sai ga kwali ya iso ta hannun wani mai zuwa gida. A ciki akwai doguwar roba da ake zagaye injin da ita, da gwangwanin fentin da ke hana tsatsa, da wani farantin ƙarfe mai ɗan indararo a gefe. Takardar da ke ciki da wani yaren Turawa aka rubuta ta, ba Faransanci ba, ban gane komai ba. Na kai wa Baba makanike, tsohon abokin Abba, wanda tun da aka sayi motar ba wanda ya taɓa sa mata hannu sai shi. Ya juya farantin, ya yi murmushi, ya ce wannan a ƙarƙashin tsagogi ake ɗaura shi, ya tare ruwa ya zubar waje. Ya ce zai zo jibi.

Jibin Baba makanike kuwa jibin damina ne. Yana da gona a Durum, rabin mako yana can. In na je, sai a ce ya tafi noma. In na same shi, sai ya ce, "Haba ɗiyata, tsatsar da ta yi shekara talatin tana cin ƙarfe ba za ta gama a mako ɗaya ba." Sau huɗu ina zuwa. Na ce wa maigidana ya yi masa magana, sai ya ce in bar wa mai sana'a sana'arsa. Wannan maganar ce ta tunzura ni. Ni mace ce mai zuciya, ban ɓoye ba, in aka ce mini in jira sai in ji kamar an zage ni.

Na ce a raina, wai me ke cikin hana tsatsa? Tun muna yara, in damina ta kama, Inna takan sa mu shafe tukunyar ƙarfe da adda da gatari da man gyaɗa, mu toshe duk wata kafa da tsumma, su kai kaka lafiya lau. Ƙarfe ai ƙarfe ne. Ranar wata Laraba da maigidan ya tafi shago, Inna tana barcin hantsi, na kwaso tsofaffin zannuwana uku na yayyage. Na farke wani tsohon matashin kai na zaro audugar. Na haɗa man gyaɗa da baƙin man da aka juye daga babur, na tsoma su suka jiƙe sharkaf. Na ɗaga murfin, na miƙa hannu ta ciki, na bi tsagogin nan ɗaya bayan ɗaya ina cusawa da 'yar sandar da nake nuna allo da ita. Na tura su can ciki yadda ba za a gani daga waje ba, don ba na son ƙazamin aiki. Sauran tsummokaran na naɗe su a jikin bututun da ke ƙasa, inda tsatsar ta fi yawa, na ɗaɗɗaure. Na rufe murfi, na goge motar tas, na wanke hannu da toka. Ban gaya wa kowa ba. So nake sai an yi ruwa biyu ko uku in buɗe in nuna musu wuri a bushe, in ga bakin da za su yi magana da shi.

An yi ruwan, wurin kuwa ya zauna a bushe. Bayan mako biyu, wata Lahadi da hantsi, na dawo daga kasuwa da kwandona, sai na hango Baba makanike zaune a kan benci a ƙofar garejinsa yana ɓare goro. Na ce yau kam sai na tsokane shi.

"Baba, ka huta abinka. Na yi maka aikinka."

"Wane aiki, ɗiyata?"

Na ba shi labari daki-daki, har da sandar allo, ina dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ajiye goron a kan benci, ya dube ni, ya ce in maimaita inda na naɗa tsumman. Na maimaita.

"Innalillahi. An tayar da ita tun ranar?"

"A'a."

"To ki gode wa Allah. Ke, tsagogin nan su ne hancin motar nan. Akwai fanka a ciki, ta nan take zuƙo iska tana hura wa injin. Iskar ita ce ruwanta. Kin toshe mata hanci, kin kuma naɗe mata tsumma mai maiƙo a kan bututun hayaƙi. Bututun nan in ta yi tafiya har ja yake yi. Tiyon esanshi kuma, wanda man fetur ke bi, yana nan kusa, bai fi taƙi ɗaya ba." Ya nuna mini da yatsunsa. "Kuma Turawa don ƙasar sanyi suka yi ta, akwai hanyar da ɗumi ke bi ya shiga ciki, ta ƙarƙashin kujerar baya. In wuta ta kama, hayaƙin ta nan zai bi."

Na ji kunya, kuma ni in na ji kunya faɗa nake yi. Na ce, "To da ka zo jibin da ka ce ai da ba a yi haka ba. Kuma ba inda za ta je, sai bayan damina."

"Na ji, laifina ne. Je ki ɗauke makullin ki ɗaure a bakin zanenki. Da la'asar ina nan tafe."

Ban yi sauri ba. Kai, ban yi sauri ba! Don kada ya ga kamar ya tsorata ni, tafiyar isa na riƙa yi, har na tsaya wajen mai kuɓewa ina zaɓen masu taushi. Na gaisa da wata uwar ɗalibina, muka taɓa hira kan sakamakon jarrabawa. Da na shawo kwanar layinmu sai na ga babbar ƙofa a buɗe, ga sawun taya biyu a cikin laka sun fita sun yi yamma.

Kwandon ya faɗi, ban san lokacin da na sake shi ba. Rumfar ba komai sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Na shiga ɗakin Inna, ba ta nan, sandarta ma ba ta nan. Na fito ina ƙwala kiran maigidana kamar mahaukaciya. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Lafiya, Madam? Ai rasuwa aka yi a Tirmini, ƙawar Inna ta ƙuruciya. An bugo waya kina fita. Inna ta ce ba za ta jira ki ba, kada a kai ta ba ta nan. Ni na taya maigidanki shigar da ita."

"A baya?"

"To a ina kuma? Kin san ta."

"Tun yaushe?"

"Ba su jima sosai ba. Motar ta ɗan yi gardama kafin ta tashi, ya sha fama."

Na zaro salula na danna lambar maigidana. Ta shiga. Sai na ji tasa tana ringi a cikin ɗakinmu, a kan tebur, inda ya jona ta a caji tun da wuta ta dawo da safe. Na tsaya ina sauraron ta har ta katse.

Ban san yadda na isa bakin titi ba, takalmi ɗaya dai na san na bari a cikin laka. Mai kabu-kabu na farko da ya tsaya dattijo ne mai furfura a gemu, baburinsa ma ya tsufa. Na ce masa hanyar Tirmini, uwata na cikin mota, motar za ta kama da wuta. Bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa. Ya ce in riƙe ƙarfen baya da kyau. Muna wucewa ta ƙofar gareji na yi wa Baba makanike ihu, "Sun fita da ita! Tirmini!" Na gan shi ya miƙe tsaye, bencin ya kife.

Ranar kowa a Damagaram ya fito don ya tare mini hanya. Amalanken shanu, masu kura da jarkokin ruwa, garken awaki, wata babbar mota da ta tsaya a tsakiyar titi tana sauke buhuna. Ina ta dukan kafaɗar bawan Allah nan ina cewa ya ƙara wuta, yana cewa, "Hajiya, in muka faɗi ba mai isa." Na san gaskiya ya faɗa, amma da ina da wuƙa a lokacin da na soka masa.

Abin da ke zagaya kaina ba addu'a ba ne, lissafi ne na fitar da Inna. Zai tsaya. Zai fito ya zagayo. Zai buɗe ƙofa ya fara dukan ɗan ƙarfen nan, wanda wani lokaci sai an buga sau goma. Ko kujerar ta kwanta, shi kaɗai ne, kuma mutumin da shekara ashirin bai taɓa haɗa ido da ita ba, ta yaya zai rungume ta? Ita kuma na san ta, tana iya ture hannunsa ta ce ya bari mata su zo. Duk wannan, wuta tana ci a bayan wuyanta, hayaƙi yana fitowa ta tsakanin ƙafafunta. In na kai ƙarshen lissafin sai in koma farko, ko zan samu inda zai gajarce. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba.

A bariyar fita gari, shingen da ake tare motoci, muka rage gudu. Na tambayi wani jandarma ko ya ga ƙaramar mota mai bayan kunkuru. Ya yi dariya ya ce, "Ta wuce ɗazu. Madam, suya ake yi a cikinta ne? Ƙamshin man gyaɗa sai da ya sa na ji yunwa." Bai san abin da ya gaya mini ba. Na ce wa dattijon mu tafi.

Daga nan hanya ta miƙe, gero kore shar dama da hagu, har ya fara fitar da kai. Ina ta leƙe ta saman kafaɗarsa, iska tana cika mini ido da hawaye. Can na hango hayaƙi fari yana tashi a gefen hanya, na ƙwalla ƙara har baburin ya yi tangaɗi. Da muka matso, wasu mata ne ke dafa abincin masu noma a gindin gawo. Suka bi mu da kallo. Na fara roƙon Allah a fili, ina cewa ya ɗauki motar, ya ɗauki gidan, ya ɗauki ƙafafuna in ya so, ya bar mini tsohuwar nan. Na tuna kuɓewar da na tsaya zaɓa, na ji kamar in faɗo daga baburin da gangan.

Sai dattijon ya kauce wa wani abu a kan kwalta. Na waiwaya. Guntun tsumma ne, gefensa ya ƙone, yana ɗan hayaƙi. Ko a cikin baƙin mai na gane shi, atamfa ce mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye, wadda na ɗaura ranar sunan 'yata ta biyu. Gaba kaɗan ga wani. Gaba kuma ga ɗigon baƙin abu a jere, kamar an ja layi. Na daina addu'ar ma, na dai riƙe ƙarfen nan har ya yanke mini tafin hannu.

Mun haura wani ɗan tudu mai duwatsu, sai ga shi. Wannan hayaƙin baƙi ne, ya miƙe sama kamar ginshiƙi. Motar tana gefen hanya, ƙofofinta biyu a wangale, mutane sun fito daga gonaki suna kwasar yashi da ƙwarya da hannu suna watsa wa bayanta. Ban jira baburin ya tsaya ba. Na diro, na faɗi, na ƙuje gwiwa, na tashi. Wani mutum ya tare ni, na ture shi. Na isa ƙofar na leƙa. Hayaƙi ya cika ciki, ba na ganin komai, sai da na sa hannu na laluba kujerar baya. Zafi rau, robar ta fara narkewa. Ba kowa. Sai takalminta ɗaya a ƙasa da carbinta.

"Ina take? Ina tsohuwar?"

Wata mata ta kama ni ta juya ni. Can nesa kaɗan, a gindin wata aduwa, an shimfiɗa zane. Inna tana kwance ta gefe, kallabinta ya cire, farin gashinta a waje, abin da ban taɓa gani a gaban maza ba. Mata biyu suna yi mata fifita da faifai. Ban iya gudu ba a nan. Tafiya na yi a hankali ina kallon ƙirjinta, ina so in ga ko yana motsi, ina kuma jin tsoron in gani. Saura taku uku sai ta yi tari. Tari mai tsawo, mai ƙarfi, har ta dunƙule. Na durƙushe a wurin.

Maigidana yana zaune a kan wani dutse kusa da ita. Ya miƙa hannuwansa gaba, bai yarda sun taɓa komai ba. Fatar tafin ta yi fari ta kumbura, hannun rigarsa ya ƙone har gwiwar hannu. Kujerar gaba tana yashe a kan kwalta, ɗungurugum. Ya ce ƙarfen ya ƙi, ya yi ta bugu ya ƙi, sai wani manomi ya sheƙo da gudu ya sa hauya ya ɓanɓare kujerar daga gindinta. Ya ce kafin nan ya je ya ɗaga murfin baya da hannu don ya ga abin da ke ci, iska ta shiga, wutar ta taso masa. Da waɗannan hannuwan ya shiga ya ɗauko ta.

"Laifina ne," in ji shi. "Tun bariya na ji ƙauri. Inna ma ta yi gyaran murya. Na ce tsufa ne, mu dai ƙarasa."

Ana haka Baba makanike ya iso a motar wani maƙwabcinsa, da tukunyar kashe wuta a hannu, amma yashi ya riga ya gama aikin. Ya zagaya bayan motar, ya sa sanda ya tona, ya zaro wani dunƙulen auduga baƙi ƙirin. Ina kallonsa. Ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya, ya sake shi ƙasa, ya tura masa yashi da ƙafa ya taka. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Tsohuwar mota ce, jama'a. Tiyo ne ya tsage. Allah ya kiyaye gaba." Mutane suka amsa da amin.

Da na yi shiru, da shi ke nan. Na kusa yin shirun kuwa, ba zan yi ƙarya ba. Na tashi na ɗauko kallabin Inna na ɗaura mata, na goge mata baƙin da ke gefen hancinta da bakin mayafina, ta kau da kai kamar yadda ta saba. Ana shirya motar da za ta kai su asibiti, sai maigidana ya yi mini alama da kai in matso. Ya rage murya.

"Lokacin da nake dukan ƙarfen nan, hayaƙi ya rufe ta, ba na ganinta. Muryarta kawai nake ji. Sunanki take kira."

Na dube shi.

"Sunanki na yanka. Ta kira ya fi sau biyar."

Ni ce 'yar farin Inna. Tun da ta haife ni, sunana bai taɓa fita daga bakinta ba, ko da kuskure, ko a bayan idona. "Ke" ce, ko "waccan", ko ta aika ƙanena ya kira ni. Ina yarinya na sha laɓewa a bayan ƙofa ko zan ji ta faɗa wa wani. Ranar da ta faɗa, tana shaƙar hayaƙin tsummokaran da na jiƙa da hannuna, ni kuma ina kan hanya da takalmi ɗaya.

Na koma gabanta na durƙusa. Matan nan biyu suna nan, Baba makanike yana nan, mai kabu-kabu ma bai tafi ba. Na ce, "Inna, ba tiyo ba ne. Ni ce. Ni na toshe mata hanyar iska da tsumma, na jiƙa da mai, don kada ta yi tsatsa. Ban gaya wa kowa ba. Ni na kusa kashe ki, ni na ƙona masa hannu." Na faɗa da ƙarfi, don in na rage murya ba zan ƙarasa ba. Kuka ya ƙwace mini, irin na yara, har da majina.

Kowa ya zuba mini ido. Faifan ma sun tsaya. Inna ta yi tari, ta tofar da baƙin yawu a gefe, ta daɗe tana mayar da numfashi. Ba ta dube ni ba. Idonta yana kan gonar gero, hannunta kuwa ya lalubo ya kama wuyan hannuna, ya matse har sai da na ji zafi. Sannan ta ɗan juya wajen da surukinta yake, ba tare da ta ɗaga ido ba, da muryar da hayaƙi ya dusashe ta ce masa:

"Ce wa waccan ta bar kukan nan haka. Ta nemo mini ruwa."